Samoyed Ba Karen Jidda Ba Ne

A 'yan shekarun nan wani farin kare ya shiga wayoyin yaranmu, daga nan kuma yana neman hanyar shiga gidajenmu. Sunansa Samoyed. Fari ne tas, gashinsa buzu-buzu, wutsiyarsa a naɗe bisa gadon baya, gefen bakinsa a ɗage sai ka ce murmushi yake yi. Duk mai duba TikTok ko Snapchat a Jidda, Makka ko Riyad ya taɓa cin karo da shi, ko yana birgima da jariri a kan kafet, ko yana tarbar maigidansa a bakin ƙofa. Masu tallarsa suna cewa karen iyali ne, ba shi da faɗa, yana son yara. Ba ƙarya suka yi ba. Na yarda da duk wannan, kuma duk da haka ina roƙon iyaye 'yan'uwana Hausawa mazauna ƙasar Saudiyya kada su saya, ko an yi musu ragi, ko da ma kyauta aka miƙo musu.

Wanda zai fahimci dalilina sai ya fara sanin inda wannan dabba ta fito. Asalinsa arewacin Saiberiya ne, a ƙasar Rasha, wajen wata al'umma da ake kira Nenets, waɗanda har yau wasunsu ke yawon kiwo a yankin Yamal da kewayensa. Makiyaya ne kamar Fulaninmu, sai dai abin kiwonsu wata dabba ce dangin barewa, mai ƙahoni masu rassa, wadda ke tone dusar ƙanƙara ta ci abin da ke ƙarƙashi. A can sanyin hunturu yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, wani lokaci ya zarce. Karen shi ke tattaro garke, shi ke taya farauta, yakan ja kaya a kan ƙanƙara, da dare kuma ya shiga tantin fata ya kwanta tare da yara, ɗumin jikinsa ya zame musu bargo. Ɗaruruwan shekaru aka yi a haka. Daga nan ya samo halinsa na son mutane, domin bai taɓa zama karen da ake ɗaurewa a bayan gida ba.

Jikinsa ma don can aka yi shi. Gashinsa hawa biyu ne: na ciki gajere, mai laushi, a cunkushe, shi ke riƙe ɗumin jiki, na waje dogo, mai ɗan kauri, shi ke tare iska da ƙanƙara. Har tsakanin yatsun ƙafarsa akwai gashi. Yawan gashin ya kai a ƙasashen sanyi ake tara wanda ya zubar a kaɗa shi ya zama zare, a saƙa hula da safa. Murmushin nan da ke sace zukatan yaranmu ma masu kiwonsa suna cewa yana da amfani, domin ɗagewar gefen bakin tana hana yawu dalalowa ya daskare masa a fuska. Turawa sun san shi ne ta hanyar masu tafiyar binciken ƙuryar duniya, irin su Fridtjof Nansen ɗan ƙasar Norwe, wanda ya tafi da karnukan Saiberiya a tafiyarsa ta 1893 zuwa 1896. A 1889 wani Bature mai suna Ernest Kilburn-Scott ya kai ɗaya Ingila, daga baya shi da iyalinsa suka zama jigon kiwon irin, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta yi masa rajista a 1906. Duk inda ya fara yaɗuwa ƙasashe ne masu hunturu na gaske.

To mu dawo gida. Ɗan Adam idan zafi ya dame shi gumi yake yi ta ko'ina a jikinsa, iska ta busar, jiki ya huce. Kare ba haka yake ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, bai taka kara ya karya ba. Babbar hanyarsa ta rage zafi ita ce haki: ya zaro harshe, yana shaƙa yana fitarwa da sauri, danshin baki da na maƙogwaro yana bushewa yana tafiya da zafin. Wannan dabara tana aiki ne idan iskar a bushe take, kuma ta fi jikinsa sanyi. Duk wanda ya taɓa yin watan Agusta a Jidda ya san irin iskar da ke tasowa daga Bahar Maliya, mai nauyi, mai laima, wadda ke jiƙa maka riga kafin ka isa mota. A cikin irin wannan iska hakin kare ba ya busar da komai. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39. Idan ya haura 41 an shiga haɗari: ƙwaƙwalwa, ƙoda da hanji duk suna iya taɓuwa, jini ya rikice, kuma abin ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Mun fi kowa sanin zafin ƙasar nan. A watan Yunin 2010 an auna digiri 52 a Jidda. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Kowace shekara hukuma tana hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Idan lebura ƙaƙƙarfa, mai gumi, mai iya cire riga ya nemi inuwa ya sha ruwa, doka ta ga ba zai jure ba, ina ga dabbar da ke sanye da gashin Saiberiya wanda ba ta da ikon tuɓewa? Da dare ma a bakin teku zafi yakan tsaya kusa da digiri 30, kwalta kuma tana ci gaba da fitar da abin da ta sha da rana. Da tsakar rana kwalta takan wuce digiri 60, tana iya ƙone tafin ƙafar kare cikin ƙanƙanin lokaci.

Da a ce karen kwanciya ne, da an ce a bar shi a ɗaki a huta. Amma karen aiki ne. Namijinsa yakan kai kilo 20 zuwa 30, an gina shi don ya wuni yana gudu, kuma masu kiwonsa suna cewa yana buƙatar motsa jiki na awa ɗaya zuwa biyu kullum. Wani bincike da likitocin dabbobi suka fitar a Ingila a 2020 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya buge, wajen tafiya ko gudu ko wasa abin ya same su. Ingila ke nan fa, inda idan zafi ya kai digiri 30 sai ya zama babban labari. Ka ga mai Samoyed a Jidda ya shiga tsaka mai wuya. In ya fita da shi ya gudu, zafi na iya kashe shi. In ya hana shi fita, ƙarfin nan da ke jikinsa sai ya nemi mafita a cikin gida: haushi ba dare ba rana, kuka mai tsawo, yagar kujera, tauna takalma, ƙoƙarin tone ƙasa ko da tayil ne. Sai a ce karen ya lalace, alhali an hana shi abin da aka halicce shi a kai ne.

Masu sayarwa suna da amsoshi, kuma kowace akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take shiga kunne. Sukan ce gashin da ke tare sanyi shi ke tare zafi. Lallai yana kare fata daga ƙunar rana kai tsaye, amma zafin da ke kashe kare har da wanda jikinsa ke haifarwa daga ciki idan yana motsi, kuma gashin nan aikinsa ke nan, ya hana ɗumin ciki fita. Sukan ce wannan haihuwar Riyad ne, ya saba. Gashin ciki yana iya ɗan raguwa a ƙasar zafi, amma haihuwa ɗaya ko biyu ba ta sauya abin da aka yi ƙarnoni ana ginawa. Wasu kuma su ce a yi masa aski ƙwal. Likitocin dabbobi ba sa ba da wannan shawara, domin fatar da ke ƙasa ba ta saba ganin rana ba, tana ƙonewa, kuma sau da yawa gashin ba ya sake tsirowa daidai.

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce wadda wani ɗan 'yar'uwata ya ba ni, saurayi mai hankali, ranar da maganar ta taso a gidansu. Ya ce, "Kawu, ai mu ma a cikin mukayyif muke rayuwa. Daga gida zuwa mota, daga mota zuwa kasuwa. Me zai hana kare ya rayu yadda muke rayuwa?" Na ce masa, "Ɗana, kai idan mukayyif ya tsaya kana iya buɗe ƙofa ka tafi masallaci ko gidan maƙwabci. Shi fa?" Mukayyif na'urar sanyaya ɗaki ce, tana lalacewa, kuma ta fi lalacewa a tsakiyar bazara lokacin da ta fi shan wahala. Wuta takan ɗauke, ko da ba kullum ba. Ranar da hakan ya faru iyali suna Madina ziyara, ko sun tafi ɗaurin aure, ɗakin da ke rufe yana iya zama ajalinsa kafin la'asar. Rayuwar da ta rataya a kan waya ɗaya ta lantarki har tsawon shekara 12 zuwa 14, wanda shi ne tsawon ran Samoyed, ban ga yadda za a kira ta rayuwa mai aminci ba. Ga kuɗin wuta: tun 2018 gida yana biyan halala 18 a kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Magidancin da ke kashe na'urar falo idan an fita don ya rage bil, yanzu zai bar ta tana aiki dare da rana saboda kare.

Amma a ce an shawo kan zafi. Akwai abin da ya fi shi nauyi a wurina, wanda masu talla ba sa ko ambata. A wane ɗaki karen zai zauna?

Mu Musulmi ne, kuma maganar kare a gida ba sabuwa ba ce gare mu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi ɗaya, a wata biyu. Ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ya tabbata cewa idan ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Akwai kuma hani a kan cin kuɗin kare. Iyayenmu da suka taso a mazhabar Malikiyya sun karanta cewa kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, wankin ƙwaryar bin umarni ne kawai, yayin da malaman Hanbaliyya da muke zaune a cikinsu suke ɗaukar yawunsa najasa mai nauyi. Wannan saɓani ne sananne, kuma fatawa aikin malamai ce. Sai dai ko a Malikiyyar ba a buɗe ƙofar ajiye kare a cikin gida don sha'awa ba. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda almajiran ƙasar Hausa suka sani sarai, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Larurar tsaro ce ta sa shi. Samoyed kuwa ba ya gadi. Zai yi wa baƙo haushi, sannan ya je yana kaɗa masa wutsiya, ɓarawo ne ko ɗan'uwa.

Ga yadda abin ke ƙarewa a gidajen da na gani. Makon farko ɗan kwikwiyo yana falo, kowa na ɗaukar hoto. Sai ya fara girma. Sai ya lashi fuskar ƙaramin yaro, ya hau darduma, ya sa baki a kofin da aka ajiye a ƙasa. Sai lokacin zubar gashi ya zo, wanda yakan yi sosai sau ɗaya ko biyu a shekara, a ɗakin mukayyif kuma kusan ba ya yankewa, farin gashi ya bi kafet, ya bi abaya, ya bi tuwo. Hajiya babba, wadda a falon nan take sallolinta da lazimi, ta ce ita fa ba za ta ƙara kabbara a inda kare ke yawo ba, kuma tana da gaskiyarta. Maƙwabta su daina shigowa. Maigida ya yanke hukuncin da yake ganin adalci ne: kare ba zai bar hannun yaro ba, amma zai bar falo. Sai a kai shi saman bene, ko baranda, ko a rufe shi a wani ɗan ɗaki, ko a kai shi istiraha, wato gidan shaƙatawa a bayan gari, a bar wa mai gadi, a riƙa leƙa shi ranar Juma'a.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. An ɗauko dabbar da duk darajarta ita ce son zama cikin mutane, wadda kakanninta suka kwana jiki da jiki da yara a tanti, an saye ta saboda wannan halin, sannan an raba ta da mutane an kai ta wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan. Samoyed yana cikin karnukan da kaɗaici ke wa illa ƙwarai. Kukan da maƙwabta ke ji daga saman bene da tsakar dare neman mutanensa yake yi. Ciki addininmu da tsarin gidajenmu ba su ba shi wuri ba, waje kuma rana ba ta ba shi ba. Ban ga wuri na uku ba a gidan Bahaushen Jidda ko Makka, balle yanzu da aka rushe unguwanni irin su Gulail, Bitrumin, Sabil da Karantina a 2021 da 2022, iyalai da yawa suka koma gidajen bene na haya, ɗaki biyu ko uku, babu tsakar gida, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci.

Kada wani ya ɗauka ƙyamar kare ce ke magana. Na san mu Hausawa muna da laifinmu a nan. Mun taso muna ganin yara na jifan kare ba dalili, manya na kallo ba sa tsawatarwa, sunansa ma ya zama abin zagi a bakinmu. Wannan ba koyarwar addini ba ce. Alƙur'ani ya ambaci karen As'habul Kahfi yana shimfiɗe da zira'o'insa a bakin kogo tare da bayin Allah na gari, ya kuma halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da ya ga kare ya zaro harshe yana haki yana cin ƙasa don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Ya kuma ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya rufe karen ƙanƙara a saman bene a watan Yuli ya dubi waɗannan hadisai biyu da kyau, ya ga wanne ya fi kusa da shi.

Sauran ɗawainiyar ba sai na tsawaita ba. Kuɗin sayensa dubban riyal ne, ga abinci, ga alluran rigakafi, ga maganin kaska, ga taje gashi sau da yawa a mako. Irin yana da cututtukan gado da aka sani: ciwon sukari, wanda ke nufin allurar insulin kullum, gocewar ƙashin ƙugu, lalacewar gani sannu a hankali, da wata cutar ƙoda da uwa ke ɗauke da ita ta ba 'ya'yanta maza, waɗanda sukan mutu suna da wata goma sha biyar ko kusa da haka. Mai kiwo na ƙwarai yana gwada iyaye kafin ya haɗa su. Mai tallar 'yan kwikwiyo a waya, wanda zai same ka a wurin ajiye motoci ya miƙo maka kwali ya karɓi kuɗi, ba shi da takardar gwajin da zai nuna maka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Wasunmu 'yan ƙasa ne, amma da yawanmu da iƙama, wato takardar izinin zama, muke zaune. Aiki yana ƙarewa, bizar fita ba dawowa tana iya zuwa ba shiri. Ko ba haka ba, ana zuwa gida hutu wata ɗaya ko biyu, lokacin Hajji da azumi kuma masu hidimar alhazai ba sa ganin gidajensu sai barci. Wa zai riƙe kare? Wane ɗan'uwa ne zai karɓe shi ya kai falonsa? In kuma za a tafi da shi, ina za a kai shi, Kano ko Damagaram a watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40 wutar lantarki kuma ba ta tsayawa? Yaron da ke kuka a saya masa yau yana da shekara 16, zai iya kaiwa 30 karen yana raye. Zai tafi jami'a, zai yi aure. Uwa za a bar wa, ita da tun farko ba ta nema ba.

Na fahimci abin da ke jan yaran, kuma ba na raina shi. Yaro ya taso a bene hawa na huɗu, ba fili, ba awaki, ba tattabaru, abokansa duk a cikin waya suke. Yana son wani abu mai rai da zai kula da shi, ya tarbe shi in ya dawo makaranta. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma uban da ya amsa ta da tsawa kawai bai kyauta ba. Ƙasar ma ta sauya da sauri a idonsu: a 2008 an hana sayar da karnuka da kyanwoyi da yawo da su a Riyad, zuwa 2020 kuma har an buɗe gidan shan gahawa na masu karnuka a Khobar. Amma akwai hanyar biyan buƙatar ba tare da an zalunci wata halitta ba. Ga kyanwa, wadda hadisi ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, titunan Jidda kuma cike suke da 'ya'yanta masu neman wanda zai ɗauka, a kai su likita a yi musu allura su zama 'yan gida. Ga tsuntsaye, ga zomo. Wanda kuma ke da gona ko garke a bayan gari, yake da buƙatar kare ta halal, ƙasar nan tana da nata. A duwatsun Shuwaimis da Jubba, a yankin Ha'il, akwai zanen karnuka fiye da 300 tare da maharba, wasu da igiya a wuya, waɗanda masu bincike suka bayyana a 2017 cewa sun kai shekara 8,000 ko fiye. Salukin Larabawan ƙauye, siriri mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu, da karnukan da mafarautanmu ke fita da su daji a ƙasar Hausa, su ne jikinsu ya dace da wannan rana.

Ban musa ba, akwai wuraren da zafi bai kai haka ba. Abha tana bisa tudu sama da mita 2,000, Ɗa'if da Baha suna da sauƙi, a Tabuka har dusar ƙanƙara takan sauka a dutsen Lauz. Mai fili a can matsalarsa ta zafi ta ragu, saura ta addini da ta lokaci. Amma jama'armu Makka, Jidda da Madina suka fi yawa, kuma da su nake magana.

Abin ya wuce shawarar gida ɗaya, domin kasuwa ce, kuma muddin ana saye za a ci gaba da shigowa da su ana haɗa su barbara a ɗakunan haya. Ƙa'idar da aka daɗe da sani ta shigo da kare ƙasar nan ta tsaya ne a kan na farauta, na gadi da na jagorar makafi, Samoyed kuwa a zahiri ba ya cikin ko ɗaya, ko me aka rubuta a takarda. Akwai dokar jinƙan dabbobi ta ƙasashen yankin Gulf da Saudiyya ta amince da ita a 2013, Ma'aikatar Muhalli, Ruwa da Noma kuma ita ke ba da izinin shigowa da dabbobi. Ina ganin lokaci ya yi da za a sa wa irin karnukan ƙasashen ƙanƙara, Samoyed da Haski da danginsu, sharuɗɗa na musamman: kada a shigo da su ko a yi kiwonsu don sayarwa a biranen zafi, kada wanda ba shi da lasisi ya yi tallarsu a intanet, kuma kowane kare a sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata da sunan mai shi, ta yadda wanda ya yar da nasa za a gano shi. Malamanmu kuma, a darussan masallatai da zaurukan WhatsApp, idan an tambaye su hukuncin kare, ina roƙon su haɗa da bayanin haƙƙin dabba. Saurayin da zai yi gardama a kan najasa, ya kawo maka saɓanin mazhabobi, yakan yi shiru idan aka nuna masa cewa abin da yake so ɗin ne zai wahala a hannunsa.

Wanda kuwa ya riga ya saya, amana ta hau kansa, kuma ba a sauke ta da nadama. Ya ba shi wuri mai sanyi, ba saman bene ba, inda zai riƙa ganin mutane. Ruwa kada ya yanke masa. Ya fita da shi kafin asuba ko bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ya fara ɗora bayan hannunsa a kan kwalta, in shi bai iya jurewa ba to kare ma ba zai iya ba. Ya riƙa taje shi yana cire mataccen gashin ciki, kada ya aske shi. Kada ya bar shi a mota ko na minti biyar. Idan ya ga haki ya yi tsanani, yawu yana zuba, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi ko amai, ya kwarara masa ruwa mai sanyi nan take har ya ratsa gashin ya taɓa fata, ya sa shi gaban fanka ko mukayyif, sannan ya garzaya da shi wurin likitan dabbobi ko da ya ga kamar ya farfaɗo, domin illar ƙoda takan bayyana daga baya. In kuma ya tabbatar ba zai iya ba, ya nemi mai fili a garuruwan tudu, ko masu aikin sa-kai da ke karɓar irin waɗannan karnuka su nema musu gida, wani lokaci har a ƙasashen sanyi. Abin da ba shi da uzuri shi ne a sa shi a mota a kai shi bayan gari a buɗe ƙofa a juyo. Karen da ya tashi a ɗaki bai san inda ake samun ruwa ba, kuma da wannan gashin ba zai kai kwana nawa ba.